Yadda Ake Zuwa Wata Ƙasa Aikin Sa-Kai Don Koyar Da Yara Kurame Da Masu Ƙarancin Ji

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kimanin miliyan 34 ne a faɗin duniya ke fama da matsalar ji wadda ta kai a kula da ita. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, wato sun faɗo gidan da babu wanda ya iya maganar hannu. Sai ka ga yaro ya kai shekara shida, wani bakwai, wani har goma, yana ganin leɓɓa na motsi kewaye da shi, amma ba shi da harshen da zai ce cikinsa na ciwo, ko ya tambayi dalilin da ya sa mahaifiyarsa take kuka. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Harshe ne ya rasa, kuma shekarun farko na rayuwa, musamman biyar ɗin nan, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin karɓarsa.

Irin wannan yaron za ka tarar a aji idan ka tsallaka wata ƙasa da niyyar koyarwa kyauta. Kafin lissafi, kafin kimiyya, harshe yake nema a wurinka, kuma wanda ya dace da shi shi ne na kuramen ƙasarsa. Duk matakan da ke tafe daga nan suka tsiro.

Ka fara auna kanka

Kana da takardar shaidar koyarwa? Ka taɓa riƙe aji shekara guda cur? Ka taɓa zama da kurame kuka yi hirar awa ɗaya ba tare da biro da takarda ba? Idan amsar tambaya ta ƙarshe a'a ce, to lokacin tafiya bai yi ba tukuna. Nemi makarantar kurame ko ƙungiyarsu mafi kusa da kai, ka yi wata shida ko shekara kana taimakawa. A nan za ka san ko kana da haƙurin aikin, kuma ƙungiyoyin kirki masu tura malamai abin da suke fara tambaya ke nan.

Sai tsawon zama. A ganina, wanda ba zai iya ba da zango biyu ba, ko ma shekarar karatu guda, gara ya nemi wata hanyar taimakawa. Mako uku ko huɗu ba sa isa mutum ya riƙe sunayen yaran aji, balle ya koyar da su. Su kuma yaran su saba da fuskarka, su fara sakin jiki, sai ka ɓace, wani ya zo a koma farko. Yaron da ko a gidansu ba ya samun mai yi masa bayanin abin da ke faruwa, wannan zuwa da tafiyar tana yi masa ciwo fiye da yadda ake zato. Idan lokacinka kaɗan ne kuma kana da wata ƙwarewa ta musamman, kamar gwajin ji ko gyaran na'urar ji, ka je don horar da malamai, ka bar musu ajinsu.

Idan kuwa kai kurma ne, ko kana da ƙarancin ji, kada wani ya sa ka ɗauka aikin na masu ji ne. Ku aka fi buƙata. Yara kurame da yawa ba su taɓa ganin babban mutum kurma mai ilimi da aiki da iyali ba, kuma ganinka kawai yana sauya abin da suke tsammani game da gobensu.

Zaɓi ƙasa da wuri, domin ita ce za ta zaɓa maka harshe

Mutane da yawa suna zaton maganar hannu ɗaya ce a duniya. Tarayyar Kurame ta Duniya, wadda aka kafa a Rum a 1951, ta ce harsunan hannu sun haura 300. Amurka da Birtaniya duk Ingilishi suke yi da baki, amma kuramensu ba sa gane juna: Ba'amurke da hannu ɗaya yake harhaɗa haruffa, ɗan Birtaniya da hannu biyu. Na Amurka ma ya fi kusa da na Faransa, saboda wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, na cikin waɗanda suka buɗe makarantar kurame ta Hartford a 1817. Kenya na da nata, kuma kundin tsarin mulkinta na 2010 ya amince da shi. Yuganda ta riga ta tun 1995. Afirka ta Kudu ta mai da nata harshen hukuma na 12 a 2023. Akwai ma ƙauyuka masu nasu na kansu, kamar Adamorobe a Ghana da Bengkala a tsibirin Bali.

Ya kamata ka san tarihin da za ka shiga cikinsa. A 1880 aka yi babban taron malaman kurame a Milan ta Italiya, mahalarta kusan duk masu ji, suka yanke cewa a daina maganar hannu a makarantu, a tilasta wa yara magana da baki. Kusan shekara ɗari aka yi ana hana yara ɗaga hannu a aji, wasu har da duka, aka kuma raba malamai kurame da aikinsu. Sai a 2010, a irin wannan taron a Vancouver ta Kanada, aka fito fili aka yi watsi da wannan ƙudurin. Don haka idan ka ga dattijo kurma yana yi wa baƙon malami kallon tuhuma, yana da dalilinsa.

Akwai kuma labarin Andrew Foster, baƙar fatan Amurka, kurma, wanda ya kammala karatu a Gallaudet, babbar makarantar kurame ta Amurka, a 1954. Ya sauka Ghana a 1957, ya kafa makarantun kurame fiye da 30 a ƙasashen Afirka 13 kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Aikinsa babba ne, dubban yara sun yi karatu ta dalilinsa, kuma kuramen Afirka suna girmama sunansa har gobe. Amma ya zo da maganar hannun Amurka, shi ya sa yau ake ganin jijiyarta a makarantun Yammaci da Tsakiyar Afirka, har a ƙasashe masu magana da Faransanci, yayin da wasu harsunan hannu na gida suka koma gefe. A zamaninsa babu ƙamus, babu ƙungiyoyin kurame masu ƙarfi. Kai kuwa akwai su, saboda haka ba ka da uzurin shigo da harshen wata ƙasa.

To yaya za ka koya? Nemi ƙungiyar kurame ta ƙasar da za ka je. Tarayyar Kurame ta Duniya tana da ƙungiyoyi mambobi a ƙasashe sama da 130, kuma da yawansu suna da ƙamus ko bidiyoyi a intanet. Rubuta musu ka nemi malami kurma da zai koyar da kai ta kiran bidiyo, ka kuma biya shi kuɗin aikinsa. Kada ka koya daga mai ji idan akwai kurma. Fara da haruffan yatsu da lambobi, sannan gaisuwa, dangi, launuka, lokaci, kayan aji, da yadda ake bayyana jin daɗi da ɓacin rai. Ware rabin awa kullum na wata shida. Ya fi awa biyar a rana ɗaya.

Abin da ke ba masu ji wahala shi ne fuska. A maganar hannu fuska nahawu ce. A harsuna da yawa, ɗaga gira ne ke mai da magana tambayar da amsarta i ko a'a, haɗe gira kuma na tambayar wa, me, ina. Kumbura kumatu na iya nuna girma, tsuke baki ƙanƙanta. Wanda ya motsa hannu fuskarsa a sandare, yara ba za su san tambaya yake ko umarni ba. Ɗauki bidiyon kanka kana ba da ɗan labari, ka aika wa malaminka, ka bar shi ya gyara maka. Kuma kada ka yi magana da baki kana bin kowace kalma da alama. Tsarin jimlar hannu daban yake, in ka haɗa biyun duk za su fito a gurguje. Haka nan alamun ƙasa da ƙasa da ake amfani da su a manyan taruka na manya ne da suka riga suka mallaki harshensu, ba da su ake rainon yaro ba.

Harshen rubutu na makarantar ma yana jiranka: Ingilishi, Faransanci, Suwahili, Larabci ko Sifaniyanci. Shi za ka riƙa rubutawa a allo, da shi za ka yi magana da iyaye.

Wa zai tura ka?

Ƙungiyar tura 'yan sa-kai ta VSO, da aka kafa a Birtaniya a 1958, tana ɗaukar ƙwararru daga ƙasashe daban-daban, kuma ilimin yara masu buƙata ta musamman na cikin ayyukanta. Shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970 kuma hedikwatarsa ke Bonn ta Jamus, yana tallata gurabe a shafinsa, ana yin rajista kyauta, har da ayyukan da ake yi daga gida ta intanet. Peace Corps, hukumar 'yan sa-kai ta gwamnatin Amurka, ta daɗe tana tura malaman kurame Kenya, amma 'yan Amurka kawai take ɗauka, don haka kada ka ɓata lokaci in ba ka da takardar zama ɗan ƙasar. Deaf Child Worldwide kuma ta hannun ƙungiyoyin cikin gida take aiki a Gabashin Afirka da Kudancin Asiya, kuma duba abokan aikinta hanya ce mai kyau ta gane makarantu da ƙungiyoyin da za a amince da su. Kana iya rubuta wa makaranta kai tsaye, amma ka fara tambayar ƙungiyar kuramen ƙasar ra'ayinta a kan makarantar.

Duk inda ka nufa, yi waɗannan tambayoyin a rubuce. Wa ya nemi a kawo ɗan sa-kai, makarantar ce ko ofishin da ke ƙasar waje? Malamai kurame nawa ne a cikin ma'aikata? Da wane harshe ake koyarwa? Da wane malami zan yi aiki kafaɗa da kafaɗa? Zuwana zai hana wani ɗan ƙasa samun aiki? Ina takardar ƙa'idojin kare yara? Sannan ka roƙi a haɗa ka da wani da ya yi aikin ya dawo.

Amsoshin za su nuna maka da yawa. Ƙungiyar da ta ce ba sai ka iya maganar hannu ba, ka zo kawai yara za su so ka, kasuwanci take yi da yaran. Wadda ba ta nemi takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi a kanka ba, ba ta nema a kan kowa ba, ka tuna da wannan. Ka guji shirye-shiryen da suke kai baƙi gidajen marayu na 'yan makonni. Masu aikin kare yara sun daɗe suna gargaɗi a kansu, domin yawancin yaran da ke irin gidajen nan suna da iyaye a raye. Idan ana karɓar kuɗi daga ɗan sa-kai, nemi bayanin inda kowane kaso yake zuwa. Wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ga gurbi a Turai, ka tura kuɗin biza zuwa asusun wani mutum, ɗan damfara ne. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar ko sisi a wurin ɗaukar mutum.

Takardu

Fara da wuri, wata huɗu zuwa shida kafin tafiya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowarka. Tambayi ofishin jakadanci irin bizar da ɗan sa-kai ke buƙata, domin ƙasashe da yawa suna ɗaukar aikin kyauta a matsayin aiki, kuma koyarwa da bizar yawon buɗe ido na iya jawo kora, makarantar ma ta shiga matsala. Tanadi takardar 'yan sanda, takardun karatunka da aka tantance, da fassararsu in ana buƙata. Wasu ƙasashen suna son ka yi rajista da hukumar malamansu.

Je asibiti a duba ka. Takardar rigakafin cutar shawara (yellow fever) tana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Yi inshorar lafiya wadda ta haɗa da dawo da kai gida in abu ya yi tsanani. Kada ka hau jirgi sai da yarjejeniya a rubuce: awannin aiki, masauki, alawus in akwai, wa zai biya jirgi, wa za ka kira cikin dare in wani abu ya faru. Ajiye kuɗin tikitin dawowa inda kai kaɗai ke iya taɓawa, kuma fasfonka ya zauna a hannunka. Ko da wane suna aka nemi riƙe shi, ka ƙi.

Kaya kuwa kaɗan sun isa: littattafan hoto masu ƙarancin rubutu, alƙaluman launi, ƙaramin madubi, waya mai kyamara mai kyau, da riguna marasa zane-zane, domin ido ya fi ganin hannu a kan launi ɗaya. Kada ka cika jaka da tsofaffin na'urorin ji da aka tara sadaka. Kowace na'ura ana saita ta ne daidai da kunnen mai ita, kuma wadda ta yi ƙarfi da yawa na iya lalata ɗan jin da ya rage wa yaro.

Makonnin farko: ido naka, aji nasu

Roƙi shugaban makaranta ya ba ka mako biyu kana zama a bayan aji kana kallo. Fita filin wasa lokacin tara, shiga ɗakin cin abinci, domin a nan ne harshen yake da rai. A Nikaragwa, yaran da aka tara a wata makaranta a Managwa daga 1977 su suka ƙirƙiro sabon harshen hannu a tsakaninsu, a filin wasa da cikin motar makaranta, yayin da malamai ke fama da koya musu karanta leɓe. Yara sun fi ka sanin hanyar da za su fahimci juna.

Lura da manyan kurame da ke aiki a makarantar. Sau da yawa za ka tarar da su a kicin, ko wurin kafinta, ko suna kula da ɗakin kwana, alhali sun fi malaman aji iya harshen nesa ba kusa ba. Gaishe su da girmamawa, ka nemi su koya maka, in an yarda ka gayyato su aji su ba da labari. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, ta 2006, ya nemi ƙasashe su sauƙaƙa koyon maganar hannu, su kuma ɗauki malaman da suka iya ta, har da malamai masu naƙasa. Wannan hujja ce a hannunka idan ana gardama. Za a raɗa maka suna na hannu, galibi daga wata alama a fuskarka ko tafiyarka. Kurame ne ke raɗawa, kada ka zaɓa wa kanka.

Za ka ga abubuwan da ba su yi maka ba. Riƙe bakinka tukuna. Malamin da ka ga yana kuskure wataƙila yana riƙe da yara talatin, ba a taɓa ba shi horo kan kurame ba, kuma zai kasance a nan shekara ashirin bayan tafiyarka. Baƙo raɓa ne. Gyaran da zai ɗore shi ne wanda malamin ya gani da idonsa yana aiki a ajinka, ya ce a nuna masa.

A cikin aji

Jera kujeru rabin da'ira yadda kowane yaro ke ganin hannun kowa. Tsaya inda haske ke faɗo maka a fuska. In taga tana bayanka, inuwa kawai suke gani. Kada ka yi bayani kana rubutu a allo. Rubuta, juyo, jira idanu su dawo kanka, sannan ka fara. Yaro mai ji yana iya duba littafi yana sauraro, kurma kuwa ido kaɗai ne ke yin aikin biyu, don haka nuna hoto, ba su lokaci su gani, sannan ka yi magana. Idan wani ya ɗaga hannu zai ba da amsa, nuna shi da hannu, jira kowa ya juya, sannan ya fara. Don jawo hankali, kashe fitila ka kunna, ko ka kaɗa hannu, ko ka taɓa kafaɗa a hankali. Ba a jifa, ba a kama haɓar yaro a juyo da fuskarsa. Ido na gajiya, saboda haka bayan minti ashirin a sauya aiki.

Akwai abin da zai yaudare ka. Za ka buɗe littafin wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ka ga rubutu tsaf, shafi bayan shafi, babu ko gogewa. Ɗora yatsa a kan kalma ɗaya, misali "kogi", ka tambaye ta da hannu mene ne wannan. Za ta dube ka, ta dubi allo, ta yi murmushi, ta gyaɗa kai. Shekara huɗu tana kwafar siffofin da ba ta san ma'anarsu ba, domin ta lura kwafa ce ke hana faɗa. Gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. Maimakon "kun gane?", ce mata ta nuna maka, ta zana, ko ta bayyana wa ƙawarta.

Da irin wannan yarinyar, daga abu ake farawa. Kawo ruwa a kofi, ta taɓa, ka yi alamar ruwa. Nuna hoton kogi, ka yi alamarsa, ka kwaikwayi yadda yake gudu, ka tambaye ta ko akwai irinsa a garinsu, ka bar ta ta ba ka labari da duk abin da take da shi. Bayan ma'anar ta zauna sai ka rubuta kalmar, ku harhaɗa ta da yatsu, ta liƙa ta ƙarƙashin hoton. Abu, alama, hira, sannan rubutu. Kowace safiya a yi labarin jiya: wa ya zo, wa ba shi da lafiya, me aka yi. Ka rubuta jimla biyu ko uku daga abin da suka faɗa, su karanta abin da ya fito daga hannunsu. Rataya kalanda, domin jiya da gobe da mako mai zuwa suna da wuya ga yaron da ya makara samun harshe. Kuma ka ba da labari kullum, da dukan jikinka. Manhaja za ta matsa maka ka yi sauri, amma gama littafi da yaran da ba su gane shafin farko ba aikin banza ne.

Masu ƙarancin ji

Waɗannan su aka fi mantawa da su, saboda suna magana, sai a ɗauka suna ji. Nemi takardar gwajin jin kowane yaro ka koyi karanta ta. Hira ta yau da kullum tana kusan desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar rashin ji da ya wuce desibel 35 a kunnen da ya fi lafiya a matsayin mai naƙasa. Yaro na iya jin wasula sarai amma "s" da "sh" da "f" su ɓace masa, sai ya ji ana magana bai san me aka ce ba. Tambayi kuma yaushe jin ya tafi. Wanda sanƙarau ko ƙyanda ya ɗauke wa ji yana ɗan shekara bakwai ya riga ya san harshe, buƙatarsa daban da ta wanda aka haifa kurma.

Idan akwai masu na'urar ji, duba ta kowace safiya, minti biyu ya isa. Kunna ta ka rufe a tafin hannu. In ta yi fito, batir na da rai. Duba ƙaramin bututun ko raɓa ta taru, duba abin da ke shiga kunne ko dauɗa ta toshe shi. In tana fito a kunnen yaro, galibi kunnen ya girma ne, abin ya yi masa sako-sako, sai a sake auna masa. Batiran suna da lamba da launi: 13 ruwan lemo, 675 shuɗi, 312 ruwan ƙasa, 10 rawaya. Da zarar an ɓare takardar da ke bayansu sun fara ƙarewa, ko ba a saka ba. Sannan ka rufe bakinka da takarda, ka furta sautuka shida na gwajin Ling, wato m, u, a, i, sh, s, yaro ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji. In yau ya rasa wanda ya ji jiya, akwai matsala a na'ura ko a kunne. Na'ura tana ƙara ƙarfin komai, har ƙarar fanka da jan kujera, don haka zaunar da shi kusa da kai, nesa da ƙofa. Yi magana yadda ka saba, ban da ihu, ban da wage baki. Su ma a koya musu maganar hannu. Ba ta hana magana da baki.

Kunne mai zubar da ruwa a kai shi asibiti, kada ka ɗiga komai da kanka. Yaron da ke tuntuɓe da magariba ko yake cin karo da abin da ke gefensa, a duba idonsa, domin akwai cutar gado mai suna Usher da ke haɗa kurumta da raunin gani.

Iyaye, da kare yara

Iyaye da yawa suna ɗauke da baƙin ciki da zargin kai, wasu kuma an gaya musu maganar hannu za ta hana ɗansu magana. Kada ka yi musu wa'azi. Shirya ɗan zama ranar ziyara, wani babba kurma ya jagoranta, a koya musu alamu goma da za su yi amfani da su a daren nan: ci, sha, ciwo, ina, zo, barci, na gode. A bar yaron ya gyara wa mahaifinsa hannu. Kada a manta da 'yan'uwa, sun fi saurin ɗauka.

Yara kurame sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi, saboda mai cutar da su ya san da wuya su iya faɗa. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki a rufe. Tare da malamin ɗan ƙasa, ku koya musu sunayen sassan jiki, da "a'a", da "bari", da wanda za su gaya wa. In yaro ya gaya maka wani abu, kada ka yi alkawarin ɓoyewa, kada ka yi bincike da kanka. Rubuta abin da ya nuna daidai yadda ya nuna, ka kai wa jami'in da aka ɗora wa wannan alhakin a ranar. Hotunan yara kuma ba kayan Facebook ba ne. Sai da izinin iyaye da makaranta, kuma ba hoton da zai nuna su abin tausayi.

Shirin tafiya

Tun watan farko ka fara shi. Duk kayan koyarwa ku haɗa su tare da abokin aikinka, daga abin da ake samu a wurin, yadda zai iya sake yin wasu in sun lalace. Ku ɗauki bidiyon manyan kurame suna ba da labarai, da yardarsu, a bar wa makaranta. A zango na ƙarshe ka koma gefe, shi ya riƙa jan darasi kana taimakawa. Rubuta wa kowane yaro ɗan bayani: abin da ya iya, abin da ke ba shi wahala, lambar batirinsa, ranar da aka auna kunnensa.

Gaya wa yara ranar tafiyarka wata guda kafin ta zo, ka sa alama a kalanda, ku riƙa ƙirgawa tare, ka nuna musu a taswira inda za ka. Kada ka yi alkawarin dawowa ko biyan kuɗin makarantar wani in ba ka da tabbas. In za ka ci gaba da taimako, ya bi ta hannun makaranta ko ƙungiyar kurame. Rahoton da za ka rubuta wa waɗanda suka tura ka ya faɗi gaskiya, har da ko makarantar na buƙatar wani ɗan sa-kai, ko kuwa kuɗin ya fi amfani in aka horar da kurma ɗan ƙasar ya zama malami. Ka ba shugaban makaranta da ƙungiyar kurame kwafinsa kafin ka tashi.